Takalmin kofato

Takalmin kofato wani takalmi ne na roba ko leda mai tauri da ake zura wa doki a ƙafa domin ya kare kofatonsa daga duwatsu, tsakuwa da kwalta, a kuma cire shi idan an gama aiki. Ya bambanta da takalmin ƙarfe, wanda ake kafawa da ƙusoshi ya zauna makonni a jikin kofato. An fi amfani da shi ga dawakin da ake bari ba ƙarfe a ƙafarsu, da masu jinyar ciwon kofato, da kuma dokin da takalminsa na ƙarfe ya fita ana tsakiyar tafiya. Ana yin irinsa domin jakuna da alfadarai. Amfaninsa ya dogara ne kan dacewarsa da kofaton, domin wanda bai zauna daidai ba yana juyawa, ya fice, ko ya goge fata har ya yi rauni.

Tarihi

Tunanin ɗaura wa dabba takalmi ya girmi na kafa mata ƙarfe da ƙusa. Rumawa sun yi amfani da takalmin da aka saƙa da ciyawa mai ƙarfi, da kuma wani mai tafin ƙarfe da ake ɗaurewa da igiyar fata. An tono irin wannan na ƙarfen da yawa a Faransa da Ingila. Marubucin tarihi Suetonius ya rubuta cewa alfadaran sarki Nero suna da takalman azurfa. A Japan kuwa an daɗe ana sa wa dawaki takalmin da aka saƙa da karan shinkafa, ana sauya shi a hanya idan ya cinye. Takalmin ƙarfe mai ƙusa ya yaɗu a Turai wajen shekara ta 1000 Miladiyya, daga nan ya zama abin da aka saba da shi har tsawon ƙarnuka.

Takalmin kofato na zamani ya samo asali ne a Amurka a shekarar 1970, lokacin da Neel Glass, masanin kimiyyar nukiliya a jihar New Mexico, ya ƙera wanda ya kira Easyboot saboda wani dokin gidansu mai ciwon dunduniya. Kamfanin EasyCare ne ke ci gaba da yin sa. Daga baya wasu kamfanoni sun shigo, kamar Renegade a Amurka, Cavallo a Kanada, Old Mac's da Scoot Boot a Ostireliya, Equine Fusion a Norway, da Flex Boots a Finland.

Alaƙarsa da barin doki ba ƙarfe

Kasuwar takalmin ta bunƙasa ne tare da ra'ayin barin doki da kofatonsa na halitta. Tun farkon ƙarni na 19 likitan dabbobi ɗan Ingila Bracy Clark ya nuna cewa kofato yana tsukewa idan ya daɗe cikin ƙarfe. A shekarun 1980 wani mai gyaran kofato ɗan Amurka, Jaime Jackson, ya nazarci ƙafafun dawakin daji a yammacin ƙasar, ya fitar da littafinsa The Natural Horse a 1992. Likitar dabbobi Hiltrud Strasser ta yaɗa ra'ayi makamancin wannan a Jamus. Hujjarsu ita ce kofato yana ɗan buɗewa idan nauyi ya hau kansa, ya koma idan an ɗaga ƙafa, kuma wannan motsi yana rage girgiza ya taimaka wa gudanar jini.

Matsalar ita ce dokin da aka cire wa ƙarfe yakan ji zafin tsakuwa na tsawon lokaci. Bangon kofato yana tsiro ne kimanin milimita 6 zuwa 10 a wata, saboda haka sai an yi wata 9 zuwa 12 kafin sabon kofato ya sauko daga sama har ƙasa. A wannan tsakanin ne aka fi buƙatar takalmin. Akwai kuma dawakin da suke kwana a ƙasa mai laushi amma ake hawansu a kan duwatsu, waɗanda tafinsu ba ya samun damar yin tauri. Ba kowane doki ne yake buƙatarsa ba. A ƙasar Hausa da galibin Afirka ta Yamma bisa al'ada ba a kafa wa dawaki ƙarfe, yankan kofato kawai ake yi musu. A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, dawaki biyu na tawagar Sweden da ta ci zinare a tsallaken shinge, All In da King Edward, sun yi gasar ba ƙarfe a ƙafarsu.

Ire-irensa

Takalman hawa sun kasu gida biyu. Na farko su ne masu gajeren wuya, waɗanda suke tsayawa a ƙasan layin gashin da ke saman kofato, kamar Easyboot Glove, Scoot Boot da Renegade. Ba su da nauyi, ba sa riƙe ruwa ko laka sosai, kuma sun dace da sukuwa da doguwar tafiya. Sai dai suna matse kofato ƙwarai, bambancin milimita kaɗan ya isa ya hana su zama, don haka suna son kofaton da ake gyarawa a kai a kai.

Na biyu su ne masu dogon wuya da suke rufe kofato gaba ɗaya har su wuce layin gashi, kamar Cavallo, Old Mac's da Equine Fusion. Yawanci da maɗaurin Velcro ake rufe su. Sun fi sauƙin sawa, suna karɓar kofaton da siffarsa ba ta daidaita ba, kuma akwai wurin sa matashin roba a ciki. Illarsu ita ce suna taɓa fata, suna iya goge dunduniya a doguwar tafiya, musamman idan yashi ya shiga.

Bayan waɗannan akwai takalmin jinya mai matashi mai kauri, wanda ake sa wa dokin da ke fama da kumburin cikin kofato da likitoci ke kira laminaitis, ko wanda zai daɗe tsaye cikin mota. Akwai na jiƙo, wanda ake zuba ruwan magani a ciki idan ƙurji ya fito a kofato. Akwai kuma wanda ake mannawa da gam ya kwana a ƙafa, wanda masu tseren dogon zango suka fi so. A gasar Tevis Cup ta jihar California, inda ake cin mil 100 a rana ɗaya a kan duwatsu tun 1955, Garrett Ford, mai kamfanin EasyCare, ya zo na ɗaya a 2012 da doki mai irin wannan takalmi.

Yadda ake auna kofato

Ana yin awo ne nan take bayan an yanke kofato an goge shi da magagari, domin a lokacin ne yake a ainihin girmansa. Idan aka auna bayan makonni, za a sayi takalmin da zai yi yawa da zarar an sake gyara. Ana ɗaga ƙafar, a share tafin, a ɗauki awo biyu da milimita. Faɗi shi ne daga gefe zuwa gefe a inda kofaton ya fi faɗi. Tsawo kuma daga bakin kofato ne zuwa ƙarshen bangon dunduniya da yake taka ƙasa, ba tare da haɗawa da tsoka mai laushi da ke bayan dunduniyar ba. Haɗawa da wannan tsoka shi ne kuskuren da aka fi yi, kuma yana sa a zaɓi takalmin da ya yi tsawo.

Kowace ƙafa ana auna ta daban. Kofaton gaba ya fi zagaye da faɗi, na baya ya fi tsini, kuma ko ƙafafun gaba biyu na doki ɗaya suna iya bambanta. Kowane kamfani yana da jadawalin girmansa, lambar wani ba ta yin daidai da ta wani. Idan faɗi ya faɗa a wata lamba tsawo kuma a wata, alama ce ta cewa ƙirar takalmin ba ta dace da siffar kofaton ba, kuma sauya ƙira ya fi a sayi babba. Saboda haka wasu kamfanoni suke yin faɗaɗɗe da siriri a lamba guda, wasu kuma suna ba da aron kwanson gwaji kafin a saya.

Abubuwan da ake dubawa wajen zaɓe

Siffar kofato ita ce kan gaba. Awon tafi bai nuna tsayin dunduniya ko karkatar bango ba, alhali su ma suna da tasiri. Kofato mai doguwar dunduniya, ko wanda bangonsa ya baje waje, ba ya zama cikin takalmi mai matsewa har sai an gyara shi. Kofaton jaki da na alfadari sun fi na doki tsukewa da miƙewa, don haka suna buƙatar siririyar ƙira.

Na biyu shi ne irin aikin da dokin yake yi. Kilisa ta awa ɗaya ba ta buƙatar abin da tafiyar yini take buƙata. Sukuwa da laka mai zurfi su ne suka fi fizge takalmi. Inda ake ratsa rafi an fi son mai ramukan fitar ruwa, a ƙasashe masu ƙanƙara kuma ana ɗaura masa ƙananan ƙusoshi a tafi domin kada doki ya zame.

Na uku shi ne tazarar gyaran kofato. Dokin da ba shi da ƙarfe ana yanke masa kofato duk mako 4 zuwa 6. Wanda ya zaɓi takalmi mai matsewa sai ya riƙa ɗan goge bakin kofato da magagari a tsakani, in ba haka ba takalmin zai daina shiga kafin wa'adin ya cika. Ana kuma duba ƙarfin hannun mai sawa, domin wasu takalman sai an buga su da tafin hannu ko gudumar roba, sannan a duba ko ana samun igiyoyi da maɗaurai na sauyi idan sun tsinke.

Dawaki da yawa ƙafafun gaba kawai ake sa wa, saboda su ne suke ɗauke da kimanin kashi 60 cikin 100 na nauyin jiki. Ana sa su bibbiyu, gaba biyu ko baya biyu, domin kada ƙafa ɗaya ta fi 'yar'uwarta tsayi.

Gwajin dacewa

Takalmin da ya dace yana shiga da ɗan ƙoƙari, bakin kofato ya kai ƙarshen ciki, kuma ba ya juyawa idan an murɗa shi da hannu. Wanda ya yi faɗi yana karkacewa ana cikin tafiya. Wanda ya yi tsawo yana jinkirta ɗaga ƙafa, sai doki ya riƙa tuntuɓe, ko ƙafar baya ta taka bayan takalmin gaba ta cire shi. Wanda ya yi ƙanƙanta kuwa yana danne dunduniya ya bar shaida a fata. Akan fara da jan dokin a hannu, sannan gajeren hawa, a cire a duba dunduniya da layin gashi. Gashin da ya karye ko fatar da ta yi ja alama ce ta guga. Daga nan ake ƙara tsawon tafiya sannu a hankali har fata ta saba.

Kulawa da iyakarsa

Ana share kofato kafin a sa takalmi, domin ƙaramar tsakuwa da ta maƙale ciki tana iya ƙuje tafi. Bayan aiki ana wanke shi da ruwa a shanya a inuwa. Takalmin hawa ba na kwana ba ne. Idan aka bar shi a ƙafa, danshi da zafi suna taruwa su jawo ruɓar tafin kofato mai wari. Ko na jinya ma ana cire shi kullum a busar da ƙafar a duba ta. Idan zanen tafinsa ya cinye ko ya cinye ta gefe ɗaya, lokacin sauyi ya yi.

Takalmin yana da tsada a sayen farko, sawa da cirewa suna cin lokaci, kuma yana iya ɓacewa a hanya. Dokokin gasa ma sun bambanta: tseren dogon zango ya yarda da shi, wasu wasannin kuma suna taƙaita shi. Ba ya maye gurbin gyaran kofato, kuma ba ya warkar da gurguntaka. Dokin da yake ɗingishi ko a ƙasa mai laushi yana buƙatar likitan dabbobi ya duba shi, domin matashin roba yana iya ɓoye ciwon har ya yi nisa.