Waƙar John Peel: hannu nawa suka gina ta?

A Ingila, waƙar farauta da ta fi kowace shahara ita ce ta John Peel. Jama'a na rera ta tamkar gadon kaka da kakanni wanda babu mai shi, alhali kuwa an san wanda ya tsara ta, an kuma san waɗanda suka sake mata kama bayansa.

John Peel manomi ne daga yankin Caldbeck, a duwatsun Cumberland da ke arewa maso yammacin Ingila. Ya rasu a 1854, bayan ya shafe shekaru masu yawa yana farautar yanyawa da garken karnukansa. Abokin farautarsa, John Woodcock Graves, wanda ke sana'ar ulu a garin, shi ne ya rubuta baitocin da karin harshen mutanen Cumberland. Graves ya ba da labarin cewa wani dare suna zaune da Peel a gidansa, sai ya ji kakar yaransa tana rarrashin jariri da wani tsohon karin waƙa na Sikotlan mai suna Bonnie Annie. Nan take ya ɗora sababbin kalmomi a kan wannan karin. Ke nan tun ranar farko, sautin waƙar aro ne.

A 1833 Graves ya yi ƙaura zuwa tsibirin Tasmaniya, ya bar waƙar tana yawo a bakin mutanen karkara. Sai a 1866 George Coward, mai sayar da littattafai a Carlisle, ya buga ta, bayan ya sassauta karin harshen domin baƙi su fahimta. Daga nan William Metcalfe, mawaƙin babbar majami'ar Carlisle, ya gyara sautin, ya kuma rera ta a Landan a 1869. Wannan siga ce ta bazu a ƙasar, har rundunar sojan yankin ta mayar da ita taken maci.

Yaɗuwar ta zo da asara. Graves ya siffanta rigar Peel da launin toka, wato saƙar ulun gida da talakawan duwatsu ke sawa. A Turanci, kalmar wannan launi da wata mai nufin ƙyalli harafi ɗaya ne ya raba su, sai mawaƙa da yawa suka koma ga ta biyun. Da haka manomin da ke bin karnuka a kan tsaunuka, sau da yawa a ƙafa, ya rikiɗe a zukatan masu sauraro zuwa attajiri mai jar riga bisa doki.

Graves ya rasu a Hobart a 1886, nesa da garin da ya ɗaukaka sunansa. Kabarin Peel yana nan a harabar majami'ar Caldbeck, kuma a 1977 masu adawa da farauta suka lalata shi, domin waƙar ta riga ta mayar da shi tambarin al'adar da suke yaƙa.