Gado a Cikin Tebur: Yadda Aka Samar da Tafinta Tsakanin Manhaja da Rumbun Bayanai

Sana'ata rubuta manhaja ce, kuma mafi yawan aikina ajiye bayanan mutane ne: sunan ɗalibi, albashin ma'aikaci, bashin da ɗan kasuwa ke bin abokin cinikinsa. A yau in na rubuta 'yan layuka a tsarin rubuta manhaja na Django, sai tebur ya bayyana da kansa a rumbun bayanai. Wannan sauƙin ba da shi aka fara ba. A ƙarƙashinsa akwai mazhabobi biyu da suka taso a wurare daban, kowace da irin kallon da take yi wa duniya, kuma ba inda saɓaninsu ya fi fitowa fili kamar batun gado.

Ta farko a Oslo aka haife ta. Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, a cibiyar nazarin kwamfuta ta ƙasar Norwe, suna neman harshen da zai kwaikwayi abubuwan da ke faruwa a zahiri. A ƙarshen 1966 suna nazarin misalin wata gada da ake biyan kuɗin wucewa, inda manyan motoci da bas-bas da ƙananan motoci ke jere a layi ɗaya. Dukansu motoci ne, amma kowace da abin da ya keɓanta da ita. Daga nan suka ga a rubuta siffofin da aka yi tarayya a kansu sau ɗaya a babban aji, ƙananan azuzuwa su gaje su, kowane ya ƙara nasa. Haka Simula 67 ya fito. Smalltalk ya ɗauki tunanin a Xerox PARC, C++ ya yaɗa shi daga 1985, Java ya shigar da shi ofisoshin duniya daga 1995.

Ta biyu kuma daga San Jose ta Kalifoniya. A 1970 Edgar Codd, Baturen Ingila mai aiki da IBM, ya wallafa maƙalar da ta ce a jera bayanai a tebura, kowane layi labarin abu guda, a haɗa tebur da tebur ta lambar shaida. A tsarinsa, bayani na zaman kansa ne, kowace manhaja ta zo ta yi tambayarta. Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fitar da harshen tambayar a 1974, wanda ya zama SQL. Oracle ya shiga kasuwa a 1979, a 1986 kuma aka ba SQL ƙa'ida a hukumance. Sai dai teburin Codd bai san uwa ba, bai san ɗa ba. Layi layi ne kawai.

Da mazhabobin suka haɗu a ofisoshin bankuna da kamfanonin inshora, sai mai rubuta manhaja ya tsinci kansa yana tunani da azuzuwa da safe, da rana yana warware su da hannu yana cusa su cikin tebura. Wasu suka ce a yar da tebur baki ɗaya. A ƙarshen shekarun 1980 aka ga rumbuna irin su GemStone da ObjectStore da Versant, masu ajiye abu yadda manhaja ta gina shi. Sun samu masu amfani da su, amma ba su ƙwace kasuwa ba, domin dukiyar bayanan kamfanoni ta riga ta zauna a Oracle da DB2, kuma masu haɗa rahoto sun saba da SQL.

Tun da ba wanda ya yarda ya bar harshensa, sai aka nemi tafinta. Shi ne abin da muke kira ORM. Kamfanin The Object People na Ottawa a Kanada ya fitar da TopLink don Smalltalk a farkon shekarun 1990, daga baya ya koma Java, Oracle ya saye shi a 2002. NeXT, kamfanin Steve Jobs, ya fitar da Enterprise Objects Framework a 1994. Tsarin EJB da aka tanadar wa Java a ƙarshen shekarun 1990 ya zo da nauyi, ga shi bai ba da damar gado a abin da ake ajiyewa ba. Wannan takurar ce ta sa Gavin King, ɗan Ostireliya, ya fara Hibernate a 2001. Jama'a suka rungume shi har ƙa'idar JPA ta 2006 ta ɗauki yawancin tunaninsa.

A 2002 Martin Fowler ya tattara hanyoyi uku na saukar da gado cikin tebur, ya ba kowace suna. Mu ɗauki makaranta mai ajin Mutum, wanda Malami da Ɗalibi suka gada.

Hanya ta farko: tebur ɗaya ga kowa, da wani gurbi mai nuna wannan malami ne, wancan ɗalibi. Tambaya tana sauri, ba a haɗa komai da komai. Amma gurbin albashi zai zauna fanko a layin kowane ɗalibi, kuma ba za ka iya tilasta cika shi kai tsaye ba, ko da ga malami ne. Ta biyu: Mutum da teburinsa, Malami da nasa, Ɗalibi da nasa, lambar shaida ɗaya ta ɗaure su. Wannan ta fi kusa da tsabtar da Codd ke so, sai dai duk sanda ka nemi malami sai an haɗa tebura biyu, in zuriyar ta yi tsawo kuma haɗin ya yi yawa. Ta uku: babu teburin Mutum sam, suna da lambar waya suna maimaituwa a teburin Malami da na Ɗalibi. Kowane yana tsaye da ƙafarsa, amma ranar da shugaban makaranta ya ce a kawo masa sunan kowa da kowa, sai an bi tebur-tebur ana tattarowa.

Kowane gida ya zaɓi nasa. Ruby on Rails, da David Heinemeier Hansson ya saki a 2004, ya ɗauki ta farko. Django ya taso ne a ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas, ya fito a 2005, amma sai a 2008 gadonsa ya daidaita, da hanya ta biyu da kuma uwar aji marar tebur. SQLAlchemy na Michael Bayer, daga 2006, ya ba da duka ukun, haka ma JPA. A 2006 ɗin kuma Ted Neward ya rubuta maƙalar da ta kwatanta ORM da yaƙin Biyetnam: shiga da sauƙi, nasara a farko, sannan a maƙale.

Ina ganin akwai gaskiya a kukansa, amma ba duka laifin tafinta ba ne. An taɓa kawo mini manhajar wata Islamiyya in gyara, an gina ta da Malami da Ɗalibi a matsayin magada Mutum. Tsarin ya yi kyau a takarda. Amma a irin makarantunmu, ɗalibin babban aji yakan koyar da ƙanana da yamma. Manhajar ba ta yarda mutum ɗaya ya zama biyun ba, sai sakatare ya shigar da yaron sau biyu, da lamba biyu. Ya sauya lambar waya, aka gyara a wuri ɗaya, ɗayan ya zauna da tsohuwa. Ga kuma malama wadda 'ya'yanta uku ke karatu a nan, ana yi mata rangwamen kuɗin makaranta: uwa ce ko ma'aikaciya? Gyaran shi ne na bar Mutum shi kaɗai, na buɗe wani tebur na matsayi, mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Tun 1994 marubutan littafin Design Patterns su huɗu suka ba da shawarar fifita haɗa abubuwa a kan gado, kuma a bayanan mutane na fi ganin hikimarta. Babbar mota ba ta wayar gari ta zama bas. Mutum kuwa yau ɗalibi ne, gobe malami, jibi uba mai biyan kuɗin makaranta.

Shi ya sa kafin in rubuta cewa wani aji ya gaji wani, nakan tambayi masu wurin: wannan abin haka zai dawwama, ko matsayi ne da zai iya sauyawa? Sannan in buɗe rumbun in duba teburan da tafintan ya gina da idona. Dalili kuwa, manhaja takan tsufa kafin bayanai. Simula sai a littattafan tarihi, TopLink ya haifi EclipseLink, EJB na dā an daina yayinsa, amma tebura da SQL suna nan suna aiki fiye da shekaru hamsin bayan maƙalar Codd. Wanda zai buɗe bayanan makarantar nan bayan shekaru ashirin, yana neman shaidar cewa wata yarinya ta sauke Alƙur'ani, wataƙila da wani harshe zai zo, da wani tafinta. Teburin zai karanta, don haka wajibina ne in bar masa shi yana faɗin gaskiya.