Majigi da Ƙanensa Mai Ido Biyu

Dattawan Funtuwa da Malumfashi ba su manta da daren majigi ba. Mota ta iso da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, bayan lisha gari ya hallara, a nuna yadda ake shukar auduga layi-layi. Amma sunan ya girmi motar. Asalin majigi wata fitila ce da aka ƙago a Turai tun kafin shekarar 1700, hotonta ba ya motsi, a jikin gilashi yake.

Haɗa gilashin nan sana'a ce. A Ingila faɗinsa inci uku da kwata ne. A ɗora masa baƙar takarda mai taga a tsakiya, a kifa wani gilashin a kai don kada hoton ya ƙuje, sa'an nan a naɗe gefen da takarda mai danƙo. In ƙura ta maƙale a ciki kuwa, sai ta fito a ƙyalle kamar ƙudan zuma.

To, majigi yana da ƙane. A shekarar 1838 wani masani a Landan, Charles Wheatstone, ya bayyana cewa idon dama da na hagu ba daidai suke ganin abu ba, da wannan bambanci ne mutum ke gane kusa da nesa. Saboda haka aka riƙa ɗaukar abu guda hoto biyu, tsakaninsu kamar inci biyu da rabi, watau tazarar idanun mutum. In aka jera su a 'yar na'ura aka leƙa, sai su zama ɗaya, har ka ce hannu zai shiga.

Nan fa gwani ke bambanta da ɗan koyo. In ya sa hoton dama a hagu, na nesa ya matso, na kusa ya koma baya. In ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa tsawo ko da kaɗan, mai kallo ya tashi da ciwon kai. Don haka ake gwada su bisa gilashi mai fitila a ƙasa kafin a liƙe. A shekarar 1939 aka fito da View-Master a Amurka, hoto biyu-biyu har bakwai a faifan kwali, an riga an daidaita su.

Duk da kyaunsa, ƙanen nan bai dace da aikin malaman gona ba, gama mutum ɗaya kaɗai ke leƙawa. Majigi kuwa, fitila guda ta ishi gari.